Yadda ake amfani da kalmar "shortcoming" a jimlolin yau da kullum, mataki-mataki

Tun da na fara ba da darasin Ingilishi na maraice a nan Yamai, da wuya mako ya wuce ba a kawo mini tambaya iri ɗaya ba: idan mutum yana son ya ce wani abu yana da gazawa, ko wani yana da rauni a aikinsa, wace kalma zai ɗauka, kuma a ina zai ajiye ta cikin jimla? Masu tambayar sun haɗa da ɗaliban lise masu shirin jarrabawar bak, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da aka ɗora wa rubuta rahoto, har da wani dattijo ɗan kasuwa daga jihar Tawa da ke loda albasar Galmi zuwa Gana. Tambayar ta ƙara yawa a wurina tun bayan da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya sanya Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Kalmar da aka fi kawo mini ita ce "shortcoming", don haka a kanta zan tsaya, sauran ƴan'uwanta kuma su shigo a inda ake buƙatarsu.

1. Tanadi kayan aiki

Kaye ɗaya da bik biyu, shuɗi na rubutu da ja na gyara, sun wadatar, kuma duka ba za su ci maka jika guda ba. Sai waya mai intanet, wadda forfe na yini ɗaya ya isa ka yi duk binciken da ke cikin wannan jagora da ita. Ƙamusoshi biyu da nake tura ɗalibaina gare su su ne Cambridge Dictionary da Oxford Learner's Dictionaries, saboda kyauta ne, suna kawo jimlolin misali, kuma kowace kalma tana da alamar lasifika da za ka taɓa ka ji furucin Ingila da na Amurka. Wanda ya fi son takarda zai iya neman ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a 1990.

Hattara: ƙaramin ƙamusun aljihu na Faransanci da Ingilishi ba zai fisshe ka a wannan aiki ba. Zai jera maka kalmomi 4 ko 5 a gaban "défaut" ba tare da jimla ko ɗaya ba, ya bar ka da canke.

2. Faɗi maganar da Hausa tukuna

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ginshiƙin aikin. Mu da muka yi lakkwal da Faransanci mun saba da doguwar hanya: tunani ya zo da Hausa, mu juya shi zuwa Faransanci, sannan mu nemi Ingilishinsa. A wannan hanya ake asarar kaya, domin Hausa ta riga ta rarrabe gazawa, rauni, aibi, illa, laifi da kuskure, amma da zarar sun bi ta Faransanci sai da yawansu su taru a cikin "défaut" ko "faute", mutum ya fito ɗaya gefen bai san wadda ya shiga da ita ba.

Saboda haka, kafin ka rubuta harafi ɗaya na Ingilishi, rubuta jimlarka da Hausa a saman shafi, sannan ka gwada ta da wannan tambaya: zan iya cewa abin "bai kai yadda ake so ba"? Idan amsar e ce, "shortcoming" ta dace. Kalmar kanta haka aka gina ta: "short" na nufin abin da ya gaza tsawo ko yawa, "coming" kuma zuwa, wato abu ya taho amma bai iso ba. Ka ɗauki misalin mai awon hatsi a kasuwar Katako da ya miƙa maka tiyar da ba ta cika ba. Hatsin lafiyayye ne, babu tsakuwa, babu ƙwari, illa dai akwai tazara tsakanin inda ya tsaya da bakin tiya. Wannan tazarar ita ce "shortcoming". Ke nan dole a sami ma'auni, ko an faɗe shi ko ba a faɗe shi ba: abin da ake tsammani daga malami, daga tsari, daga na'ura, daga rahoto.

Malamin da ke da ilimi amma ba ya iya bayani yadda yara za su fahimta yana da "shortcoming". Tsarin rabon taki da ba ya kaiwa ƙauyukan nesa yana da ita. Amma direban da ya yi kwana ba daidai ba jiya ya buge akuya, kuskure ya yi, "mistake" ke nan.

Hattara: kuskure yakan faru sau ɗaya ya wuce, gazawa kuwa zaune take tare da mai ita har sai an magance ta. Idan jimlarka ta Hausa tana ɗauke da "jiya", "ɗazu" ko "ran nan", ka sake dubawa, da alama ba wannan kalmar kake nema ba.

3. Furuci da rubutu

Gaɓoɓi 3 ne. Ta farko tana da "o" mai tsawo irin na "ƙofa", ta ƙare da "t" ba tare da wasali a bayansa ba. Ta biyu, ko da yake an rubuta ta da "o", ana faɗinta kusa da "kam" na "kamfani". Ta uku ita ce "ing", wadda sautinta ke ƙarewa a hanci, ba a fito da "g" ɗin fili. Nauyin murya yana kan gaɓar farko. Saurari lasifikar ƙamus sau 5, ka maimaita, sannan ka ɗauki muryarka da waya ka kwatanta.

Hattara: harshenmu ba ya son "t" da "k" su haɗu babu wasali a tsakaninsu, shi ya sa nake yawan jin "shotikamin". Faransanci kuma ya koya mana jefa nauyi a gaɓar ƙarshe da karanta "com" da "o". Ka kiyayi duka biyun. A rubutu, kalma ɗaya ce mai haruffa 11, babu tazara a tsakiyarta, kuma "m" ɗinta guda ne. Masu rubuta "shortcomming" hannunsu ne ya tuna da "comme" da "commencer".

4. Tilo ko jam'i

Suna ne da ake ƙirgawa, kuma an fi amfani da shi a jam'i. A Hausa mukan ce "tsarin yana da gazawa da yawa" ba tare da mun canza siffar kalmar ba, sai wannan ɗabi'a ta bi mu cikin Ingilishi mu yar da "s". Ƙa'idar da za ka rubuta da jan bik ita ce: kalmar ba ta tsayawa tsirara. Ko dai "a", "one", "the", "this" ko "my" da makamantansu su zo gabanta, ko kuma "s" ya zo bayanta, wanda a nan ake furta shi kamar "z".

"The plan has a serious shortcoming." Wato shirin yana da wata babbar gazawa guda.

"The plan has several shortcomings." Wato shirin yana da gazawa a wurare da dama.

Hattara: ana cewa "many", "several" ko "a few shortcomings", ba a cewa "much". Sannan ga wani tarko da ke kama har waɗanda suka yi nisa: a jimla irin "One of the shortcomings of the plan is its cost", sunan yana jam'i amma aikatau "is" ne, saboda guda ɗaya daga cikinsu ake magana a kai.

5. Haɗa ta da mai gazawar

Yanzu sai ka nuna gazawar wa ko ta mene ne. Ƙananan kalmomi 3 ke yin wannan aiki, kowace da wurinta.

"Of" tana aiki kamar "-r" da "-n" namu na mallaka: "the shortcomings of the old system", gazawar tsohon tsari. "In" tana nuna wurin da aka gano gazawar, kamar yadda za mu ce "a cikin": "We found shortcomings in the way the onions are stored", mun gano gazawa a yadda ake adana albasar. "As" kuwa ta mutum ce a kan wani matsayi: "his shortcomings as a driver", gazawarsa a matsayinsa na direba. Ina son wannan ta ukun ƙwarai, domin tana taƙaita sukar a kan aikin, ta bar mutuncin mutumin a gefe.

A wajen wakilin suna na mallaka, Hausa ta fi Faransanci taimakonka. Faransanci yana duba jinsin abin da aka mallaka, shi ya sa "son défaut" zai iya zama na mace ko na namiji. Ingilishi kuwa mai abin yake dubawa, daidai da yadda muke cewa gazawarsa da gazawarta: "his shortcomings" na namiji, "her shortcomings" na mace, "their shortcomings" na jama'a. Idan ka rikice, koma ga jimlarka ta Hausa da ke saman shafi, amsar tana can.

Hattara: inda Hausa za ta yaudare ka shi ne a kan kaya. Mota da waya mata ne a wurinmu, amma a Ingilishi "its" ake ba su: "This phone has its shortcomings". Kuma "its" ɗin mallaka ba ya ɗaukar alamar ɗauri a sama, domin "it's" gajeren "it is" ne.

Akwai ginin jimla guda da ya kamata ka haddace dungurungum, saboda yana yawan fitowa a rubutun jarrabawa da na rahoto: "Despite its shortcomings, the project helped many farmers", wato duk da gazawarsa, aikin ya taimaki manoma da yawa. Za ka iya cewa "in spite of its shortcomings", ma'anar ɗaya ce. Abin da ba a cewa shi ne "despite of", kuma na gaji da ja masa layi a takardun ɗalibai.

6. Zaɓi aikatau da sifa

Mu da "yi" muke kusan komai: yi kuskure, yi laifi, yi sakaci. Faransanci ma yana da "faire" da "commettre". Don haka hannu yakan tafi kai tsaye ga "do", "make" ko "commit", alhali babu ɗayansu da ke tafiya da wannan kalma. Ba a aikata "shortcoming", ana da ita ne, don haka "have" shi ne aikatau na farko. Daga nan sai ka duba abin da ake yi da gazawar. Idan nuna ta ake yi, "point out", "identify" ko "highlight". Idan mai ita ne ya amsa cewa tana nan, "admit" ko "acknowledge". Idan gyara ake nema, "address" ko "overcome". Idan kuma wani alheri ne ya rufe ta, "make up for", kamar a "Her patience makes up for her shortcomings", haƙurinta yana cike gurbin gazawarta.

Hattara: "address" a nan ba ta da alaƙa da adireshi. "We must address these shortcomings" na nufin wajibi ne mu tunkari waɗannan gazawa mu magance su.

Sifofin da suka saba zama da ita su ne "serious", "major", "main", "obvious" da "minor", kuma a gabanta suke zuwa. Kalmar ba ta da aikatau nata na kanta, saboda haka ba a cewa abu ya yi "shortcome". Idan aikatau kake so, "fall short of" ne: "The harvest fell short of our needs", amfanin gonar bai kai buƙatarmu ba.

7. San lokacin da za ka ajiye ta ka ɗauki wata

Dattijon albasar da na ambata ya taɓa nuna mini saƙon da ya sa ɗansa ya rubuta wa mai saye, bayan wasu buhuna sun isa da ruɓa a ciki. Yaron ya rubuta "The onions have shortcomings". Na ce masa, Alhaji, wannan jimla ta mai da albasa kamar ma'aikaciyar da ba ta cika aikinta ba. Abin da ya kamata shi ne a faɗi abin da ido ya gani, "Some of the onions are rotten". Gazawar tana ga rumbun ajiya ko tsarin sufuri, a can kalmar ke da wurin zama. Ga yadda sauran kalmomin suka rabu, gwargwadon abin da Hausarka ta faɗa.

Idan rauni ka ce, "weakness" ce, kuma ita ce abokiyar "strength". A ganawar neman aiki ita za ka ji: "What are your strengths and weaknesses?" Ka amsa da kalmar da aka tambaye ka da ita. Ka lura kuma cewa "a weakness for" wani abu ne daban, son abu ne da mutum ba ya iya danne shi: "He has a weakness for sweet tea" na nufin shayi mai sukari ya fi ƙarfinsa.

Idan aibi ka ce, wato wani tabo a jikin abin da ya kamata ya zama lafiyayye, "flaw" ce: zaren da ya zame a shadda, tsaga a tukunya, ko ramin da ke cikin hujjar mai gardama. Bambancinta da kalmarmu shi ne, a "shortcoming" wani abu ne ya rasa, a "flaw" kuwa wani abu ne ya ɓaci. "Defect" kusa take da ita, sai dai an fi jin ta a kan kayan da suka fito daga masana'anta da matsala.

Idan illa ka ce, irin wadda ke tattare da zaɓin da yake da amfaninsa, "drawback" ce. Kabu-kabu yana da sauri, illarsa ƙura da rana: "The drawback is the dust." Idan laifi ka ce, a ma'anar wa za a ɗora wa, "fault" ce: "It is not my fault", ba laifina ba ne. Ana furta "l" ɗin da ke cikinta, ba kamar "faute" ba.

Hattara ta musamman ga ƴan lakkwal: "default" ba ita ce "défaut" ba, duk da kamar da suka yi. A Ingilishi "default" na nufin kasa biyan bashi a kan lokaci, ko saitin da waya ko kwamfuta ta zo da shi daga kamfani. Wanda ya rubuta "He has many defaults" yana nufin halin mutum, mai karatu zai ɗauka bashi ne ya yi masa katutu. Haka "inconvenient" sifa ce a Ingilishi, ba za ta maye gurbin "un inconvénient" ba. "Shortage" kuma ƙarancin kaya ne, kamar "a shortage of water" a watan Afrilu, "shortcut" kuwa yanke ne.

Hattara ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: saboda kusancin "naƙasu" da "naƙasa" a Hausa, wasu kan yi amfani da "shortcoming" ko "defect" a kan makanta, kurumta ko gurguntaka. Kada ka yi. Kalmar da ake amfani da ita ita ce "disability", sauran kuma cin fuska ne.

8. Auna wurin da wanda kake gaya wa

Kalmar tana da ɗan nauyi, ta fi zama a rahoto, wasiƙar aiki, taro da rubutun jarrabawa. A fada, ana shan shayi, idan aboki ya tambaye ka yadda sabuwar wayarka take, "The problem is the battery" ya fi daɗin ji. A kan kanka ma, "I'm not good at maths" ya fi sauƙi a hira.

Wata ɗalibata da ke aiki a wani ofishi ta taɓa tsayar da ni bayan darasi ta ce, "Malam, shugabana ya ba ni rahotonsa in duba, na ga wurare 3 da ba su cika ba. In rubuta masa 'your shortcomings'?" Na ce, "A'a, Malama, yaya za ki faɗa masa da Hausa?" Ta yi ɗan shiru ta ce, "Zan ce, ranka ya daɗe, akwai ƴan wuraren da ke son a ƙara dubawa." To ladabin nan shi za ki ɗauka ki kai Ingilishi, na ce mata: ki jingina gazawar ga takarda, ki rage mata kaifi da "a few" ko "some". Abin da ta aika a ƙarshe shi ne "There are a few shortcomings in the report that we could address together."

Hattara: "your shortcomings" kai tsaye ga wanda ya girme ka ko ya fi ka muƙami daidai yake da ka dubi idonsa ka ce ka gaza. A kan kanka kuwa kalmar tana nuna tawali'u: "I am aware of my shortcomings", ina sane da gazawata.

9. Atisaye na mako guda

Raba shafin kaye gida biyu, Hausa a hagu, Ingilishi a dama. Kowace rana rubuta jimloli 3 a kan abin da ka gani da idonka a ranar: famfon unguwa, motar faba-faba da ka shiga, tsarin layi a wurin biyan kuɗin wuta, wasan ƙungiyar ƙwallon da kake goyon baya. A kwana biyun farko ka tsaya kan "have" da jam'i kawai. Kwana na 3 da na 4 ka shigo da "of", "in" da "as". Kwana na 5 na "despite" ne, na 6 kuma na aikatau irin su "point out" da "address". Ran na 7 kada ka rubuta sabon abu: ɗauki jan bik ka bi jimloli 18 da ka tara, kana tambayar kowace ko tana da "s" ko "a", ko aikatau ɗinta ya dace, ko kuma tun farko wata kalmar ce Hausar ta nema. Minti 15 a rana ya isa.

Kafin ka fara, gwada hannunka a kan waɗannan 4, dukkansu irin waɗanda nake tsinta a takardun aji: "She did a shortcoming yesterday." "The car has her shortcomings." "Despite of his shortcoming as teacher, we like him." "There is a shortcoming of sugar in the market."

Ta farko "She made a mistake yesterday" ce, saboda "yesterday" ta riga ta tona cewa kuskure ne. Ta biyu "its" take so a madadin "her". Ta uku tana da gyara 3: a cire "of", a ƙara "s", a sa "a" gaban "teacher", ta zama "Despite his shortcomings as a teacher, we like him." Ta huɗu kuwa sukari ne ya yi ƙaranci a kasuwa, don haka "There is a shortage of sugar in the market."